Tsuntsayen Hamada: Ƙidayar da Ta Jira Shekara Ɗari Kafin Ta Yi Magana

A shekarar 1908 aka buɗe gidan adana samfurin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, aka ba wani masani mai suna Joseph Grinnell shugabancinsa. Mutum ne mai naci a kan rubutu. Duk ɗalibin da ya bi shi daji sai ya koyi ɗabi'a guda: kullum ka rubuta inda ka bi, da lokacin da ka fita, da yanayin gari, da kowane tsuntsu da ka gani ko ka ji kukansa, har wanda kake ganin bai kai a ɓata masa tawada ba. A 1910 ya rubuta cewa amfanin wannan wahala ba zai fito ba sai bayan shekaru masu yawa, wataƙila ƙarni guda, ranar da ɗalibin gaba zai so ya san yadda dabbobin ƙasar suke a da. Ya rasu a 1939, littattafan kuwa suka ci gaba da zama a ma'ajiya.

Cikin wuraren da shi da almajiransa suka taka akwai hamadar Mojave, wadda ake furtawa Mohabi. Mafi yawanta a Kalifoniya da Nebada take, kuma ita ce mafi bushewa a Arewacin Amurka. A cikinta ne kwarin nan yake da Turawa suka laƙaba wa Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, inda ruwan shekara guda bai cika kai milimita 60 ba, inda kuma zafi ya kai digiri 54.4 a ma'aunin Salshiyos a watan Agustan 2020. Duk da haka ƙasa ce mai tsuntsaye. Suna yin sheƙa a cikin ƙaya da kogon duwatsu da bakin 'yan maɓuɓɓugan ruwa, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, su yi reno, kafin zafin tsakiyar shekara ya sauka.

Tsakanin 2013 da 2016 wata ɗaliba mai suna Kelly Iknayan da malaminta Steven Beissinger suka ɗauko waɗannan tsofaffin littattafai, suka koma wurare 61 da aka ƙidaya tsakanin 1908 da 1968, suka sake ƙidaya a lokacin hayayyafa. Sakamakon ya fito a 2018, kuma duk wanda ya damu da halittun daji sai da jikinsa ya yi sanyi. Idan aka yi matsakaicin lissafi, kowane wuri ya rasa kashi 43 cikin 100 na ire-iren tsuntsayen da yake da su a da. Cikin iri 135 da aka duba, 39 sun ragu raguwar da ba ta da shakka. Iri ɗaya tak ne ya ƙaru sosai, wato babban baƙin hankaka, wanda ya iya cin juji da bin hanyoyin mota da shan ruwa a inda mutane suka kafa gida.

Abin da ya sa wannan lissafi ya yi nauyi shi ne inda aka yi shi. Yawancin wuraren suna cikin gandun daji na gwamnati ne, inda ba noma, ba sare itace. Da a bakin birni ne, sai a ce gine-gine ne suka kore su. A nan kuwa duwatsun suna nan, ƙayar tana nan, tsuntsayen ne babu. Abin da ya canja shi ne sama: a cikin ƙarnin zafi ya ƙaru da kimanin digiri 2, ruwan sama ya ragu da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a wurare da yawa. Wuraren da ruwan ya fi ja baya su suka fi asara, waɗanda ke da maɓuɓɓuga ko rafi kuma suka fi riƙe nasu.

Mai hankali zai tsaya a nan ya yi tambaya. Ta yaya za a gwada idon mutumin 1917 da na mutumin 2015? Wancan yana tafe da bindiga a kafaɗa domin tara samfuri, wannan yana riƙe da madubin hangen nesa na zamani. Kuma rashin ganin tsuntsu bai nuna ba ya wurin. Yana iya laɓewa a ƙaya, yana iya yin shiru ranar da iska ta taso. Wannan ita ce babbar matsalar duk wata ƙidayar tsuntsaye, kuma maganinta maimaitawa ne. Idan ka je wuri sau uku, ka ga tsuntsu ran Litinin, ba ka gan shi ran Talata ba, ka sake ganinsa ran Laraba, to ka san yana nan ran Talatar, idonka ne bai faɗa kansa ba. Daga irin waɗannan kurakurai ake lissafa yawan yadda kowane iri yake kuɓuce wa mai ƙidaya, sannan a gyara jimillar. Nacin Grinnell a nan ya biya: da yake mutanensa sukan kwana da yawa a wuri guda suna rubuta jerin kowace rana daban, an iya auna kuskuren idonsu su ma, shekara ɗari bayan nan. Da jeri ɗaya suka bari na dukan tafiyar, da ba a iya cewa komai da tabbaci ba. Ni wannan ne ya fi burge ni a dukan labarin, domin aiki ne mai gundura wanda ba wanda zai yaba maka a ranar da ka yi shi.

To me ke cinye tsuntsun, tunda ba a tarar da gawarwaki zube a ƙasa ba? Tsuntsu ba ya gumi. Zafin jikinsa kimanin digiri 41 ne, kuma idan iskar waje ta kusa kai haka, ba shi da hanyar sanyaya jiki sai ta fitar da ruwa. Duk wanda ya ga kaza da tsakar ranar bazara ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ya ga abin da ake nufi. Kowane haki ruwa ne ke fita. Kaza dai tana da kaskon ruwa a gindin bango. Tsuntsun hamada da yawa ba sa zuwa mashaya ko kaɗan, daga jikin ƙwari da ƙadangaru da ɓeraye suke samun ruwansu. Ke nan idan zafi ya ƙaru, sai tsuntsu ya ƙara farauta kafin ya mayar da ruwan da ya fita, farautar kuma a cikin rana ake yi, ita ma tana ƙara zafin jiki. In ya fake a inuwa ya tsira daga zafi, amma ya kwana da yunwa, 'ya'yansa ma haka. Gaba kura, baya siyaki.

A 2019 Eric Riddell da abokan aikinsa suka zauna suka lissafa wannan bashin ruwa ga ire-iren tsuntsayen Mojave, ta la'akari da girman jiki da kaurin gashi da launinsa. Suka gano cewa waɗanda buƙatarsu ta ruwa ta fi hauhawa su ne suka fi raguwa, musamman masu girman jiki da masu cin nama ko ƙwari: dangin shaho, ungulun Amurka, tsattsewa masu kama ƙwari a sama. Masu cin tsaba, waɗanda dole su je mashaya, makomarsu ta rataya ne a kan ko akwai ruwa a kusa.

Akwai wani ɗan ƙulli a nan da ya kamata a warware, domin wasu binciken sun nuna cewa ƙananan tsuntsaye ne suka fi shiga haɗari. Duka biyun gaskiya ne, lokacinsu ne ya bambanta. A ranar da zafi ya wuce misali, ƙaramin tsuntsu yakan bushe da sauri, cikin 'yan sa'o'i ya faɗi. An ga irin wannan mutuwar ta taro a Ostareliya, kamar a watan Janairun 2010 da aku baƙaƙe fiye da 200, na wani iri da dama yake gab da ƙarewa, suka mutu a zafin rana a kudu maso yammacin ƙasar, abin da ya nuna manyan ma ba su tsira ba. Amma a zafin yau da gobe, wanda ba ya kisa nan take, babban tsuntsu ne ke shan wahala, domin ruwan da zai nema a yini ya fi yawa. Mutuwar taro takan shiga labarai. Ɗayar kuwa sai ƙidaya ce kawai ke iya gano ta.

A 2021 masanan suka ƙara wani gwaji da ya rufe bakin masu shakka da yawa. Suka duba ƙananan dabbobi masu shayarwa na hamadar, dangin ɓera da kurege, waɗanda su ma mutanen Grinnell suka ɗana wa tarko suka rubuta. Waɗannan ba su ragu ba, suna nan kusan yadda suke. Ƙasa ɗaya, fari ɗaya, amma ɓera yana da rami. Da rana yana can ƙarƙashin ƙasa cikin sanyi, sai dare ya fito. Tsuntsu kuwa a sarari yake kiwo, a sarari yake kwanci.

Sai dai ƙidayar Mojave tana da iyakarta. Hoto biyu ne, ɗaya na da, ɗaya na yanzu, ba a ga abin da ya gudana a tsakani ba. Kuma ta faɗi inda tsuntsu yake da inda babu shi, ba ta leƙa cikin sheƙa ba. Wannan giɓi babba ne, domin tsuntsu mai tsawon rai yana iya zama a wuri shekara da shekaru yana kuka kowace safiya, mai ƙidaya yana rubuta shi, alhali ya daɗe bai yaye ɗa ko ɗaya ba. Garin da tsofaffi suka cika amma ba a jin kukan jariri, ƙidayar kawuna ba za ta nuna ciwonsa ba sai ranar da tsofaffin suka fara tafiya.

Waɗanda suka leƙa sheƙar su ne masu bincike a hamadar Kalahari, a gandun Kogin Kuruman da ke arewacin Afirka ta Kudu. Tsuntsun da suka bi ɗan'uwan cilakowarmu ne, mai rawayan baki. Al'adarsa sananniya ce: macen takan shiga kogon itace ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga, namijin ya riƙa kawo mata abinci ita da 'ya'yan. Dabara ce ta tsira daga maciji da sauran mahara, amma a shekarar zafi kogon yakan zama tanda, ga shi kuma dukan gidan sun dogara da baki ɗaya, bakin da ke haki. An kafa musu akwatunan sheƙa, aka bi su daga 2008 zuwa 2019. Da Nicholas Pattinson na Jami'ar Cape Town da abokansa suka gwada shekaru uku na farko da uku na ƙarshe, akwatunan da aka shiga sun sauko daga kashi 52 cikin 100 zuwa 12. Sheƙun da suka fitar da aƙalla ɗa guda sun sauko daga kashi 58 zuwa 17. Kuma ba a samu sheƙa ko ɗaya da ta yi nasara ba idan matsakaicin ƙololuwar zafin yini a lokacin renon ya haura digiri 35.7.

Kada a ɗauki wannan lamba a ɗora ta a kan kowace ƙasa. A Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce 40 kusan kullum, tsuntsayen can kuma sun daɗe da tsara rayuwarsu a kan haka, da yawansu sai damina ta sauka suke sheƙa. Darasin Kalahari shi ne kowane iri a kowane wuri yana da nasa mizanin da in an haura shi reno ya gagara, kuma ba a sanin mizanin sai an zauna a gindin sheƙa da ma'aunin zafi da sikeli, shekara bayan shekara.

Hamada kuwa ba ta sauƙaƙa wa mai ƙidaya. A ƙasashen sanyi lokacin hayayyafa sananne ne, kusan ranaku ɗaya kowace shekara. Shi ya sa babbar ƙidayar Arewacin Amurka, wadda Chandler Robbins ya assasa a 1966, take da tsari kamar na soja: hanya mai tsawon kusan kilomita 40, zango 50, minti uku a kowane zango, a fara rabin awa kafin fitowar rana, sau ɗaya a shekara. Tana cikin ginshiƙan lissafin da ya nuna a 2019 cewa Amurka da Kanada sun rasa tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970. Amma a hamada ruwan sama ne ke yanke ranar aure. Shekarar da ya yi jinkiri tsuntsaye su jinkirta da makonni, shekarar da bai zo ba wasu su haƙura da ƙwai gaba ɗaya, wasu su tashi su bi hadari zuwa wata ƙasa. Mai zuwa a tsayayyar rana yana iya samun daji tsit ya rubuta annoba, alhali riga su kawai ya yi da mako uku. Yana kuma iya faɗawa shekarar yabanya ya koma gida da albishir na ƙarya. Canjin yanayin ma yana matsar da kalandar: a wasu sassan Kalifoniya an gano tsuntsaye suna yin sheƙa kimanin mako guda kafin lokacin da suke yi a zamanin Grinnell. Don haka ƙidayar shekara uku ko biyar a hamada, irin wadda kuɗin tallafi ya saba ɗauka, kusan ba ta iya raba fari na wucewa da raguwa ta dindindin.

Kayan zamani sun rage wahala. Akwai 'yan na'urorin naɗar sauti da ake ɗaure wa a jikin itace su yi makonni suna saurare, da manhajar kwamfuta irin BirdNET mai tantance kuka, da tauraron ɗan'adam mai nuna inda ciyawa ta tsiro. Sai dai na'urar tana jin mai kuka ne kawai, ba ta san ko ƙwai ya ƙyanƙyashe ba, kuma manhajar ta fi ƙwarewa a kan tsuntsayen Turai da Amurka da aka fi naɗar muryoyinsu.

Mu da ke zaune a gefen Sahara, wannan ba labarin nesa ba ne, kuma akwai abin da ke sosa rai a cikinsa. A 1969 masu ƙidayar sa-kai a Birtaniya suka ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka tarar a yankin Sahel yake cin rani, farin da ya fara a 1968 ne ya kashe shi. Wato littafin wani Bature a ƙauyen Ingila ya rubuta farin ƙasarmu a jikin tsuntsu, alhali namu tsuntsayen na gida, da suka sha farin nan a cikin sheƙunsu, ba su da irin wannan ƙidaya ta shekara-shekara.

Ɗan abin da muke da shi mai kama da na Grinnell shi ne aikin wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, wanda ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar yana ƙidaya tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin su a 2003 da 2004. Manyan ungulaye sun ragu da kimanin kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. A arewacin Sahel, tuje da ya ƙirga fiye da 200 a tafiyar farko, bai ga ko ɗaya ba a ta biyu. Jimina kuwa ta ƙare a dajin Nijar, har sai da aka koma kiwon 'yan tsirarun da suka rage a killace a Kelle, cikin jihar Damagaram, da fatan wata rana a mayar da su daji. Gaskiya ta wajaba a nan: shi Thiollay bai ɗora wannan a kan zafi ba. Farauta da guba da yawan kiwo da sare itatuwa ya fi zargi. Wannan ne ma ya sa lissafinmu ya fi na Mojave wuya. A can an samu gandun da hannun mutum bai cika taɓawa ba, aka ga aikin yanayi shi kaɗai. A nan bindiga da gatari da fari tare suke tafiya, kuma mai gaggawar jingina komai ga canjin yanayi yana wanke hannun mafarauci ne ba tare da ya sani ba. Amma zafin ma yana nan tafe: a ranar 3 ga Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali.

Inuwa ita ce abin da hannun mutum ke iya kaiwa. Tsuntsu ba shi da ramin ɓera, itace mai duhun ganye shi ne raminsa. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa suna tofowa a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980, har aka yi kiyasin fili ya kai hekta miliyan 5, sun yi hakan ne domin amfanin gona da abincin dabbobi. Masana daga Holan ƙarƙashin Leo Zwarts, da suka ƙidaya tsuntsayen Sahel daga Senegal zuwa Habasha tsakanin 2011 da 2019, sun nuna gawo da dangin itatuwan ƙaya suna cikin waɗanda tsuntsaye suka fi taruwa a kai. Sai dai ƙidayar tasu ta rani ce, lokacin baƙin tsuntsaye masu zuwa daga Turai. Abin da ke faruwa a cikin sheƙar tsuntsun gida daga bazara zuwa damina shi ne shafin da ya fi buƙatar mai rubutu.

A Najeriya an fara. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke aiki da Jami'ar Jos, ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen ƙasa a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe. Ɗan sa-kai ya shiga gida guda, ya yi aƙalla awa biyu, ya rubuta duk irin da ya gani bi da bi, ya tura ta waya. Ƙungiyoyin matasa masu kallon tsuntsaye sun kafu a jihohi da dama, har da na Arewa. Gidajen da suka fi wuyar cikawa su ne na can ƙurya, bakin iyakar Yobe da Borno da Zamfara da Sakkwato, inda nisa da rashin tsaro suka tare hanya, kuma nan ne ƙasar ta fi bushewa. Makiyayin da ke wucewa ta wurin kullum ya san ranar da shamuwa ta iso, ya san itacen da cilakowa ta liƙe a bara da ko ta dawo bana. Abin da Grinnell ya nema daga ɗalibansa bai wuce haka da yawa ba: suna, da wuri, da kwanan wata, da jerin kowace rana daban, har da ranar da aka je ba a ga komai ba.